Wata uku da kafso: fashin baƙi kan shan antibayotik don ƙurajen fuska

A azumin da ya faɗo cikin zafin watan Maris, wajen kwana na goma, ƙanwata ta kasa haɗiye kunun buɗa-baki. Kurɓa ɗaya ta yi ta ajiye ludayin, ta dafe ƙirji, idonta ya kawo ruwa. "Hamma, wallahi kamar ana tura min garwashi a nan," ta ce, tana nuna tsakiyar ƙirjinta. Inna ta ce olsa ce azumi ya taso da ita, ni ma haka na ɗauka. Da safe muka tafi asibiti a nan Gombe. Likitar da muka samu tambaya uku ta yi mata ta gano bakin zaren: wane magani kike sha, da me kike haɗiye shi, me kike yi bayan kin sha? Kafson doksisaikilin, wani antibayotik, wato maganin yaƙi da ƙwayoyin cuta, take sha saboda ƙurajen fuska. Tana jefa shi baki ne daf da kiran assalatu, ta bi shi da ɗan ragowar ruwan da ke ƙasan kofi, sannan ta kishingiɗa kafin a tayar da salla. Kafson bai kai ciki ba. Ya maƙale a hanyar abinci, ya narke a wurin, ya ci naman ya bar gyambo.

Ciwon ya ɗaga min hankali, amma amsar tambaya ta huɗu ta fi ɗaga min: tun yaushe? Wata goma sha ɗaya. Kafin wannan ta sha Ampiclox na kwana biyar-biyar har sau uku, ta sha "ja da yalo", wato tetirasaikilin, duk daga kemis ɗin unguwa, ba tare da takardar likita ba. Fuskar kuma tana nan yadda take, sai ma tabo da ya ƙaru. Tun daga ranar na shiga bin diddigin lamarin, kuma abin da na fahimta shi ne mu a nan hanya biyu muke shan wannan magani, duk biyun a karkace: ko dai mu sha shi kwana biyar kamar na ciwon haƙori, ko mu mayar da shi abincin yau da gobe har shekara ta zagayo.

Tushen karkacewar yana cikin yadda muka ɗauki ƙurajen. Wani ya ce dattin ciki ne, wani ya ce jini ne ya gurɓata, saurayi kuma a tsokane shi a ce aure yake so. Wanda ya yarda jininsa ne ya yi datti, dole ya nemi kafson da zai "wanke" shi. Alhali abin a cikin fata yake faruwa. A gindin kowane ɗan siririn gashi na fuska da ƙirji da baya akwai wata 'yar jaka da ke samar da maiƙo, maiƙon ya bi ƙofar gashin ya fito ya laushe fata. Idan balaga ta zo, sinadaran jiki sukan zaburar da jakar ta riƙa zubo maiƙo fiye da kima. A lokaci guda matattun ƙwayoyin fata da ya kamata su kakkaɓe sai su manne da juna su toshe ƙofar. Toshewar nan ita ce ƙurji a matakin farko: ɗan farin tsiro idan bakin a rufe yake, ɗan baƙin ɗigo idan a buɗe yake. Baƙin nan ma ba datti ba ne, iska ce ta taɓa abin da ke ciki ya sauya launi.

Sai a nan ƙwayar bakteriya take shigowa. Sunanta Cutibacterium acnes. Kafin shekarar 2016 ana kiranta Propionibacterium acnes. Ba baƙuwa ba ce, tana zaune a fatar kowa, har wanda fuskarsa take sumul. Maiƙo ne abincinta, kuma ta fi son wurin da babu iska, don haka toshasshiyar ƙofa gida ce gare ta. Idan ta yawaita a ciki, garkuwar jiki ta taso mata, sai wurin ya yi ja, ya kumbura, ya tara mugunya, ya yi zafi. Abubuwa huɗu ke nan suka haɗu: yawan maiƙo, toshewa, bakteriya, da kumburi. Likitocin fata na Amurka sun ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na masu shekara 12 zuwa 24 sukan yi ƙurajen nan, ko da kaɗan ne.

A cikin huɗun nan, biyu kawai antibayotik yake taɓawa. Yana rage bakteriyar, yana kuma kwantar da kumburi. Ba ya rage maiƙo, ba ya buɗe ƙofar da ta toshe. Wannan shi ne abin da na so a ce wani ya faɗa wa ƙanwata tun ran farko. Duk wanda ƙurajensa 'yan farare ne da baƙaƙen ɗigo marasa zafi, ko buhun kafso ya shanye ba zai ga canji ba, domin abin da ke damunsa ba aikin kafso ba ne. Wanda kuma nasa suka kumbura, zai ga sun lafa yana sha, ya daina su dawo, saboda toshewar da ke haifar da su tana nan ba a taɓa ta ba.

Akwai wani abu da ya ba ni mamaki a nan. Dangin tetirasaikilin, waɗanda aka fara ba masu ƙuraje tun shekarun 1950, kaso mai yawa na amfaninsu daga kwantar da kumburi yake zuwa, ba daga kashe ƙwayar cuta kaɗai ba. An gwada ba mutane doksisaikilin, wanda yake cikin dangin, ɗan kaɗan, miligiram 40 a rana, adadin da bai kai ya kashe bakteriya ba, ƙurajen suka ragu. Shi ya sa ba kowane antibayotik ne ya dace ba. Ampiclox ɗin da ake miƙa wa matasa a ƙulle a leda ba ya cikin magungunan da ƙa'idojin likitocin fata suka tsara don wannan matsala. Wanda aka fi amfani da shi shi ne doksisaikilin, yawanci miligiram 50 zuwa 100 a rana. Akwai minosaikilin, amma yakan jawo jiri, kuma idan an daɗe ana sha yakan bar shuɗi-shuɗi ko toka-toka a fata da dasashi. Amurka ta amince da wani sabo, saresaikilin, a 2018.

To wa ya kamata ya sha? Wanda ƙurajensa jajaye ne masu kumburi da yawa, ko sun bazu har ƙirji da gadon baya inda shafa magani yake da wuya, ko wanda ya yi wata biyu zuwa uku yana shafa maganin da ya dace ba ci gaba, ko wanda suka fara bar masa rami a kumatu. Ba na cikin masu cewa a guji kafso kwata-kwata. Na san wani yaro a layinmu da aka yi ta ce wa "ƙuruciya ce, za su wuce", har suka wuce suka bar masa kumatu kamar an sassaƙa. Ramin ƙurji ba ya cikewa da kansa. Irin wannan yaro jinkirin ba shi magani zalunci ne. Abin da nake ja da shi shi ne yadda ake sha.

Hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta fitar da nata tsarin a 2021, Ƙungiyar Likitocin Fata ta Amurka ta sabunta nata a 2024, kuma bakinsu ya zo ɗaya a kan abu biyu. Na farko, ba a ba da antibayotik na sha shi kaɗai, sai an haɗa shi da na shafawa. Na biyu, a taƙaita lokacinsa. Tsarin Ingila ya ce mako 12, sannan a dawo a duba. Wuce wata shida kuwa sai da wani babban dalili. Na shafawar da ake nufi su ne benzoyil feroksaid, wanda ke kashe bakteriyar ta hanyar da har yau ba ta iya bijire masa ba, da adafalin ko danginsa, masu buɗe ƙofofin da suka toshe. Kafso kamar 'yan kwana-kwana ne, a kira su su kashe gobara su tafi. Gyaran wayar wutar da ta haddasa gobarar aikin na shafawa ne, kuma shi ake ci gaba da shi bayan an ajiye kafso, wata da watanni, wani lokaci shekaru.

Mai shan kwana biyar bai ba maganin damar komai ba. Ƙurjin da ka gani yau makonni ya yi yana haɗuwa a ƙarƙashin fata, don haka ba a fara ganin sauƙi sai bayan mako shida zuwa takwas. Amaren da ke rugawa kemis saura mako biyu biki su ne suka fi ba ni tausayi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wadda aka sa ranarta bayan Babbar Salla, tun kafin azumi ya kamata ta ga likita. Abin da yakan faru shi ne, in kwana biyar suka cika ba canji, sai a ce wannan ba shi da ƙarfi, a sauya wani, daga nan a sauya wani. Ana cikin wannan sauye-sauye ne wasu ke faɗawa kan Septrin. Wannan magani, a jikin wasu mutane ƙalilan, yakan tayar da wata mummunar cuta da fata ke saɓulewa kamar ƙuna, leɓe da baki da ido su ɗaye, har ta kai ga rasa rai. Garin neman gira a rasa ido ke nan, a zahiri ba a karin magana ba.

Mai shan shekara kuma tasa matsalar daban ce, kuma ba ta tsaya a kansa shi kaɗai ba. Kafson da ka haɗiya bai san cewa don kumatu ka sha shi ba. Yana bin jini ya isa hanji, da maƙogwaro, da hanci, da al'aura, ko'ina yana kashe ƙwayoyin da ba su iya jure masa ba, yana barin masu taurin kai su hayayyafa su cike gurbin. Tun a fuskar ma, a ƙasashe da dama an samu kaso mai yawa na bakteriyar ƙuraje ta daina jin eritiromaisin da kilindamaisin, saboda shekarun da aka kwashe ana amfani da su su kaɗai. Waɗannan ƙwayoyi masu bijire wa magani sukan tsallaka zuwa ga mutanen gida ta hannu da tawul da shimfiɗa. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye sanadiyyar bakteriya masu bijire wa magani, kuma yankin da abin ya fi tsanani shi ne namu, Afirka ta Yamma, da mutum 27 cikin kowane 100,000.

Idan alƙaluman sun yi nisa, a dubi kusa. Doksisaikilin ɗin nan shi ake ba babban mutum da kwalara ta kwantar, kuma mun ga yadda amai da gudawa suka yi ɓarna a 2021, musamman a maƙwabciyarmu Bauchi. Azitiromaisin da wasu 'yan mata ke sha kwana uku-uku duk wata saboda fuska, yana cikin 'yan magungunan sha da suka rage wa taifot mai taurin kai irin wadda ta ɓulla a Fakistan tun 2016. Idan muka ƙarar da kaifinsu a kan ƙuraje, da me za mu tari waɗancan? Doka ta sa waɗannan magunguna cikin waɗanda sai da takardar likita, amma kowa ya san yadda ake sayensu a Tudun Wada ko Bolari ko Pantami: ka faɗi launin kafson, a ƙirgo maka na kuɗinka. Ban ɗora laifin duka a kan masu kemis ba. Layin asibiti dogo ne, likitocin fata kaɗan ne a duk faɗin Arewa maso Gabas, kemis kuma yana bakin ƙofa har goman dare. Amma mai kemis ɗin da ya ga yarinya tana dawowa sayen kafso ɗaya wata goma sha ɗaya bai taɓa ce mata "je ki ga likita" ba, akwai hakki a kansa.

Wanda likita ya rubuta wa doksisaikilin, yadda zai sha shi ma ilimi ne. A haɗiye shi da cikakken kofin ruwa, a zaune ko a tsaye, kada a kwanta sai bayan aƙalla rabin awa. Mai azumi ya fi masa ya sha bayan ya ci abincin buɗa-baki, kafin ya fita asham, maimakon lokacin sahur da barci ke jiransa. Shan sa bayan abinci yana rage tashin zuciya. Sai dai a nan akwai tarko irin na garinmu: dangin tetirasaikilin sukan manne da sinadarin kalsiyam da na ƙarfe a cikin hanji, su fita ba tare da sun shiga jini ba. Wanda ya sha "ja da yalo" ya bi shi da kwanon fura da nono ko kindirmo, ya zubar da kaso mai yawa na maganin. Doksisaikilin ya fi jure wa nono, amma maganin ƙarin jini da farin maganin olsa na ruwa suna rage masa ƙarfi sosai. A bar tazarar awa biyu zuwa uku tsakaninsu. Yana kuma sa fata ta kasa jure rana, abin da ɗan acaɓa da manomi da ɗalibar da ke takawa zuwa makaranta cikin ranar Afrilu ya kamata su sani. Mata kuma wasu sukan samu ƙaiƙayin gaba da farin ruwa, domin maganin ya kashe ƙwayoyin da ke tsare wurin. Idan ciwon kai mai tsanani ya zo tare da dishi-dishin gani, a daina sha a tafi asibiti a ranar.

Mai juna biyu ba ta shan dangin tetirasaikilin. Suna shiga ƙashi da haƙoran jaririn da ke ciki, haƙoran su fito da launin ɗorawa ko toka wanda ba ya goguwa. Haka yara ƙanana: Amurka ta sa iyaka a shekara 8, Ingila a shekara 12. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin amaryar da ta fara kafso kafin biki takan ci gaba da shi a ɗakinta, ciki ya shiga ba ta sani ba. Adafalin ma ba a shafa shi da ciki. Duk matar da ke da ciki, ko take nema, ko take shayarwa, ta faɗa wa likita kafin ya ɗauki biro.

Akwai kuma waɗanda suke shan kafso a kan abin da ba ƙurajen balaga ba ne sam. Likitar ta sa ƙanwata ta kawo duk abin da take shafawa. Cikin ledar akwai wani man haɗi na ƙarin haske da ta saya a hannun wata mai gyaran jiki, ba suna ba lamba, da wani ɗan bututu irin mai haɗi uku da ake shafa wa komai. Irin waɗannan mayuka galibi akwai sitiroyid a ciki, wani sinadari mai ƙarfi da ke danne kumburi. Makon farko fuska takan yi luwai, ja ya kwanta, mutum ya ce ya dace. Daga baya fata ta yi siriri, ƙuraje masu kama ɗaya su feso, in an daina shafawa fuska ta yi zafi ta ƙara fesowa, sai a koma. Babu kafson da zai yi maganin wannan muddin ana shafa man. Haka ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi da ke fesowa a goshi da ƙirji da baya lokacin zufa: sau da yawa ƙwayar da ke kawo kyasbi da amosani ce, ba bakteriya ba, kuma antibayotik ƙara mata fili yake yi. Man kitso mai kauri da ke gangarowa goshi a ƙarƙashin ɗankwali shi ma yana toshe ƙofofin gashi. Na gemu da wuyan maza bayan aski kuwa, gashi ne ke lanƙwashewa ya koma cikin fata.

Gyaɗa da ƙuli-ƙuli da ake ta ɗora wa laifi, binciken da aka yi bai kama su ba. Abin da ya ɗan nuna alaƙa shi ne yawan zaƙi da lemon kwalba da kayan fulawa, da madara a wurin wasu.

Idan an yi wata uku ana sha yadda ya kamata, tare da na shafawa, ba a ga sauƙi ba, ba ƙarin wata uku ake buƙata ba, sauya hanya ake yi. Macen da ƙurajenta suka fi yawa a haɓa da muƙamuƙi, suna tashi gab da al'ada, musamman in al'adar tana rikicewa ko gashi na fito mata a gemu, sinadaran jikinta ne ke buƙatar dubawa. Wasu ƙwayoyin tsarin iyali da wani magani mai suna sifironolakton sukan yi mata abin da kafso bai yi ba. Masu manyan ƙuraje masu zurfi kamar maruru kuma akwai aisotiretinoyin, wanda aka fara amfani da shi a Amurka a 1982. Shi kaɗai ne yake taɓa duka abubuwa huɗun nan, har ya ƙanƙantar da jakar maiƙon. Amma yana nakasa jariri a ciki nakasa mai muni, ba a ɗaukar ciki ana shan sa har sai wata guda bayan an daina, kuma ba a haɗa shi da doksisaikilin domin haɗin yana iya tayar da matsin ruwa a cikin kai. Wannan ba maganin da za a saya a intanet ba ne don wata ta ce ya yi mata aiki.

Ƙanwata dai likitar ta dakatar da kafson a ranar, ta ba ta maganin da zai rage tsamin ciki har gyambon ya warke. Kwana uku ta sha azumi, bayan kamar kwana goma ta koma cin tuwo. Aka zubar da man haɗin. Makonni biyun farko fuskar ta ƙara ɓaci, ta yi kuka ta ce gara ta koma wa man, Inna ce ta ɓoye mata madubin ɗaki. Aka sa ta shafa adafalin daidai ƙwayar wake ga dukan fuska, da dare, ran farko ta shafa ran biyu ta huta har fata ta saba, da safe kuma benzoyil feroksaid. Ba wanda ya tuna ya gaya mata cewa yana cin launin tufa, sai da ya ɓata mata hijabi mai ruwan goro da rigar filo biyu. Yanzu farin tawul take amfani da shi. A mako na takwas sababbin ƙuraje suka ragu ƙwarai.

Abin da ya rage shi ne baƙin tabo, wanda a fata irin tamu ya fi ƙurjin kansa daɗewa, kuma tun farko shi ne abin da ya fi damunta, shi take ta shan kafso a kai ba ta san kafso ba ya goge shi ba. Likitar ta ce ta daina matsa su da farce, ta riƙa shafa man kariya daga rana in za ta fita, ta kuma ƙara mata wani na shafawa mai sinadarin azelayik. Ta ce na kumatun hagu, da yake ya yi zurfi, zai iya kai wata shida ko fiye kafin ya dushe. Ran Talata mai zuwa za mu koma a duba.